Bikon Zayyanu Mai Inji

A Wurogauri, in injin ban ruwa ya yi tari da safe, kafin hantsi an ɗaure shi a bayan babur an kai shi ƙofar gidan Zayyanu. Duk fadamar da ke tsakanin garin da Kalgo, da wuya a sami injin da bai taɓa wuni a inuwar itacen dogonyaron da ke ƙofar gidan nan ba.

Zayyanu gajere ne mai faɗin kafaɗa. Ko ranar Sallah ka dubi ƙarƙashin farcensa, za ka ga sana'arsa. Mahaifinsa masunci ne, ya so ɗan ya gaji taru da kwalekwale, amma yaron ya fi son tsugunno a shagon wani bakanike a Kalgo. Shekara bakwai yana wanke sufana kafin a yarda ya kwance inji shi kaɗai.

Baiwarsa a kunne take. Ba ya tambayar mai inji abin da ya faru. Sai ya ce a ja igiya, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga wani gari, sannan ya ce, "Fulogi." Ko ya ce, "Ringi." In abin ya yi muni, sai ya dubi mai injin ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri." Mutanen gari suka ce Zayyanu tun kafin fetur ya yi tsada shi ya fara tsimi, sai dai nasa tsimin na magana ne.

Da wannan tsimin ya yi aure. Yana saurayi aka kira shi Masama, can ƙasar Gwandu, ya duba wani injin niƙa da ke bayan gidan Malam Sambo, wani dattijon Bafulatani mai noma da kiwo. Yana cikin aiki wani ɗan noti ya kuɓuce masa, ya neme shi ƙasa da sama bai gani ba. Washegari 'yar Malam Sambo, Hajjo, ta zo ta miƙa masa notin, ta ce a cikin geronta ta tsince shi. Zayyanu ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Madalla." Daga ranar, sau goma sha ɗaya ya koma Masama duba injin nan, alhali injin lafiyarsa lau. A karo na sha biyu mai injin ya gaji, ya je ya sami kawun Zayyanu, Malam Isa, ya ce don Allah a nema wa yaron nan yarinyar, kafin ya kwance masa injin da bai yi laifin kowa ba.

Aka kawo Hajjo Wurogauri da kayan ɗakinta. A cikinsu akwai wata ƙwarya babba mai zane, wadda Innarta ta ba ta, ita ma daga tata uwar ta samu. A cikinta Hajjo take dama wa maigida fura kowace azahar. Shekara ashirin da huɗu yana ɗaga ƙwaryar nan ya kafa kai, ya ajiye, ya goge baki da bayan hannu, ya koma wurin injunansa. Ba a taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Ba a kuma taɓa jin ya ce furar ta yi daɗi ba. Shi a ganinsa, ƙwaryar da ta koma babu kome ciki ai ta gama magana.

Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, kuma muddin yaran suna gida babu wanda ya lura da shirun. Sai da aka kai ƙaramar ɗakin miji. A sannan ne gidan ya yi faɗi, har in cokali ya faɗi a tsakar gida sai kaji su waiwaya.

Don ta cike wannan faɗin, Hajjo ta sayi wani ɗan rediyo mai memori da kuɗin gumin shinkafarta. A kasuwar Kalgo aka zuba mata littafin soyayya, irin wanda wata mace mai zaƙin murya take karantawa kashi kashi. Labarin wani Mubarak ne da matarsa Hafsat, mutanen Abuja, masu gidan bene da abin hawa, waɗanda aurensu ya yi tsami suna neman gyara shi. Kullum bayan la'asar, tana tsince shinkafa, rediyon yana gefenta. Zayyanu yakan ji muryar ta tsallako katanga, amma da yake ba ƙarar inji ba ce, kunnensa bai taɓa riƙe ta ba.

Abin ya faru ne a tsakiyar bazara, lokacin da shinkafar rani take neman ruwan ƙarshe, kowane manomi ransa yana hannun injinsa. Wata Talata aka kawo masa injuna biyar a jere. Gwangwanin da yake jiƙa kafireto a ciki ya huje, fetur yana zuba a ƙasa. Ya shiga gida da sauri neman abin da zai maye gurbinsa. Hajjo ba ta nan, ta leƙa maƙwabta. Ƙwaryar tana kife a kan randa, an wanke ta, cikinta fari tas.

Da Hajjo ta dawo ba ta ga ƙwarya ba, ta leƙa zaure. Ga ƙwaryar kakarta a ƙasa, rabinta fetur, ƙananan ƙarafa suna kwance a ciki, maigida yana motsa su da tsinke. Ta tsaya cak. Shi kuwa ya ɗago kai, fuskarsa a sake, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta. Ya yaba.

"Wagga ƙwarya taki tana da kyau," ya ce. "Ko ɗan ƙaramin noti ba shi ɓacewa ciki."

Hajjo ta dube shi, ta dubi ƙwaryar. Ta ce, "Shekara ashirin da huɗu, sai yau kag ga kyanta?"

"Ai ƙwarya ƙwarya ce," in ji shi, don ya kwantar mata da hankali.

Washegari ta share gida, ta dama masa koko ta rufe, ta zuba wa kaji ruwa. Sannan ta yafa mayafinta, ta sa takalmi, ta nufi bakin hanya inda motar Gwandu take tsayawa.

Yaji yana da ma'auninsa, kuma matan unguwa sun iya karanta shi. Wadda ta kwashe kwanoni da katifa, wannan ta gama. Wadda ta ɗauki akwati, sai an sha wuya. Hajjo ba ta ɗauki ko tsinke ba, har rediyonta ta bari a kan taga. Matan suka ce ƙofa a buɗe take, in mai gidan yana da ido. Amma suka ƙara da cewa macen da ta yi shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa yaji ba, ranar da ta yi, ba a san inda zai tsaya ba.

Kwana uku Zayyanu yana jiran ta huce ta dawo, kamar yadda inji yake sanyi in an bar shi a inuwa. Ba ta dawo ba. Ya yi ƙoƙarin dafa shinkafa, ta fito rabi ɗanya rabi gawayi. A rana ta huɗu, bayan la'asar, shirun gidan ya dame shi har ya miƙa hannu ya danna rediyon, don dai ya ji muryar mutum.

Rediyon ya ɗora daga inda aka tsaya. Kashi na talatin da ɗaya ne. Hafsat tana jan akwatinta tana fita daga gidan Mubarak, shi kuma yana tsaye a kan matakala bai ce kome ba.

Zayyanu ya ajiye cokali. Ya karkata kai, irin karkatarwar nan tasa.

Ya mayar da labarin can farkonsa. Bakanike ba ya fara gyara daga tsakiya. Ya fito da rediyon gindin dogonyaro, yana kwance injuna yana saurare. Manoman da suke jiran aiki suka fara da dariya, suka koma yin shiru, daga baya wasu suka riƙa zuwa ko injinsu lafiya. Wani ya ce Mubarak sakarai ne. Wani ya ce laifin uwar Hafsat ne. Zayyanu bai sa baki ba. Shi abin da yake nema daban ne. Yana so ya ji wane noti Mubarak zai ɗaure matarsa ta dawo.

A kashi na talatin da biyar ya samu. Mubarak ya durƙusa a gaban Hafsat ya yi mata wata magana, ita kuma ta fashe da kuka. Zayyanu ya maimaita wurin sau ashirin, har ya hardace shi kamar karatun allo.

Sai dai akwai cikas. Mubarak da bakinsa ya faɗa, don a Abuja yake. A ƙasar Gwandu kuwa, miji ba ya zuwa biko da ƙafarsa ya buɗe baki a gaban suruki. Babba ake aikawa. Babban ya faɗa wa uban mace, uban ya faɗa wa uwar, uwar ta faɗa wa 'yarta. Don haka Zayyanu ya wanke hannu da omo har sau uku, ya tafi wurin Kawu Isa, wanda yanzu ya haura saba'in, gemunsa fari fat, kuma shi ke jan salla in liman ya yi tafiya.

"Kawu, biko nike so a tahi min."

"Dama jira nike ka zo. Mi za a ce musu?"

Zayyanu ya kafa ido a kan tabarma, ya karanto a numfashi ɗaya: "Ke ce bugun zuciyata. Tun da kika tafi rana ta daina fitowa a sararin rayuwata, abinci ya zama ƙasa a bakina. Ki dawo gare ni, ya hasken idanuna, ko in mutu a ƙofar gidanku."

Carbin Kawu Isa ya tsaya cak.

"A'uzu billahi. Zayyanu, ka sha wani abu?"

"A'a, Kawu."

"Wanga batu ni za ni hwaɗa ma Malam Sambo? Da gemuna? In dube shi in ce mishi hasken idanuna?"

"Ba shi ba, Kawu. Shi dai shi isar. Haka anka yi ma Hafsat, kuma ta yi kuka."

"Wace Hafsat? Ɗiyar wa?"

"Ta cikin rediyo ce."

Kawu Isa ya daɗe yana duban ɗan 'yar'uwarsa. Amma ya tuna shi ya nemo auren nan, kuma ɗan aike ba ya zaɓar saƙo. Ya sa aka maimaita masa sau uku, ya sa babbar riga, ya shiga mota.

Abin da ya faru a hanya da can Masama, sai daga baya Zayyanu ya tattara shi, kaɗan daga bakin Kawu, kaɗan daga wani bakin. Tun kafin motar ta wuce Birnin Kebbi, Kawu ya jefar da hasken idanu ta taga, ya ce wannan ba maganar dattijo ba ce. Da aka miƙi hanyar Gwandu ya sauke bugun zuciya. Batun rana ta daina fitowa kuwa, ya dubi yadda take gasa rufin motar, ya ga ba zai yi ƙarya da tsufansa ba. Mutuwa a ƙofar gidan mutane kuma neman magana ne. Da ya zauna a tabarmar Malam Sambo, aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi zafi, aka tambayi fadama, aka sake tambayar shanu, abin da ya rage a hannunsa ɗan kaɗan ne.

"Yaronku dai," ya ce, yana duban bango, "ba shi jin daɗin abinci."

Malam Sambo ya sunkuyar da kai don kunyar wannan babbar magana. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya tsaya nesa da ɗakin matarsa, ya ce, "Mutanen Wurogauri sun zo. Suna gaisuwa."

Inna ta je ta sami Hajjo tana tankaɗe. Ta ce, "An zo."

"An ce mi?"

"An ce an zo."

Amsar Hajjo, in ji waɗanda suka ji, ta kai tsawon dahuwar wake. Ta faro daga shekarar da aka kawo ta, ta bi ta kan haihuwa biyu, ta sauka a kan ƙwarya. Inna ta saurara duka, ta je ta ce wa mijinta, "Ba ta huce ba." Malam Sambo ya koma zaure ya zauna. Shi ya ƙara nasa, don shi ma yana da ta cewa.

Kawu Isa ya dawo da yamma, ƙafafunsa a kumbure. Zayyanu ya tare shi tun a bakin hanya.

"Kawu, ta yi kuka?"

"Ban ji ba."

"Kun hwaɗi duka?"

"Na hwaɗi abin da ka hwaɗuwa. Ga abin da Malam Sambo yac ce. Shi ba shi aje matar wani a gidanai da damina. In ruwan shuka ya sauka tana Masama, to ka aika da takardarta, kowa shi huta."

Zayyanu ya ɗaga kai ya dubi gabas. Sararin fari ne, amma can ƙasa ƙasa akwai wani ɗan duhu da bai gani ba jiya.

Ya koma ga rediyo. A kashi na talatin da takwas Mubarak ya kwanta ciwo, aka kai shi asibiti, Hafsat ta zo a guje ko takalmi babu. Zayyanu ya ga wannan gyaran ba ya bukatar ɗan aike mai gemu. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya lulluɓa da bargo cikin zafin nan, ya sa aka baza labari cewa ba ya ko iya ɗaga kai. Ciwon bai kai azahar ba. Wani manomi da ya gaji da jira ya ɗauki guduma ya fara dukan injinsa da kansa a gindin dogonyaro. Zayyanu ya jure bugu na farko, ya jure na biyu. A na uku ya yi wurgi da bargo ya fito yana cewa, "Kai! Mi yay yi maka?" Labarin warkewar ya riga na ciwon isa Masama.

Abu ɗaya ne yake yi wanda ba a rediyo ya ji shi ba, kuma bai ɗauke shi a bakin dabara ba. Tun ranar da Hajjo ta tafi yake wanke ƙwaryar. Fetur in ya shiga ƙwarya ba ya fita da daɗin rai. Ya goge ta da toka, ya jiƙa ta da ruwan tsamiya, ya sa kanwa, ya shanya ta a rana. Kuma da yake bakanike ba ya mayar da aiki sai ya gwada, kowace azahar yakan sayi fura da nono wurin mai tallan da ke wucewa, ya juye a ƙwaryar, ya kafa kai. Makon farko in ya yi gyatsa, manoma sukan ja da baya, wani ya ce kada kowa ya kyasta ashana kusa da Zayyanu. Bai kula su ba. Yana sha, yana wankewa, yana juya ta a hannu yana duba inda warin ya maƙale. Haka har kwana arba'in.

A rana ta arba'in da ɗaya aka tashi da iska mai sanyi daga gabas, tururuwa suna kwashe ƙwayayensu. Zayyanu ya rufe akwatin sufanu, ya naɗe ƙwaryar a cikin sabon zane, ya tafi gidan Kawu.

"Kawu, mu koma. Da ni za a tahi."

"Ka san ba a yi."

"Na sani. Ba ni cewa kome. In zamna bayanku kawai."

A zauren Malam Sambo, Zayyanu ya tsuguna can kusa da takalma, kansa a ƙasa. Dattawan biyu suka gaisa, suka tambayi shanu, suka dubi hadari suka ce Allah shi sa na alheri ne. Malam Sambo bai dubi inda surukinsa yake ba ko sau ɗaya. Can sai ya miƙe yana dafa sanda.

"Malam Isa, taso ka gane min wata saniya, ƙahwarta ta dame ni." Da ya kai bakin ƙofa, sai ya yi magana da iska. "Akwai wani injin niƙa nan bayan zana. Kwana uku ba shi tashi. Ban sani ba ko garin ga akwai mai ganewa."

Suka fita. Zayyanu ya ɗan jira, sannan ya zagaya.

Wurin bai sauya ba, injin ne kawai sabo. Kallo ɗaya ya yi masa ya ga ciwon. An zare wayar fulogi, an rataye ta a gefe da kyau, yadda ake rataye ludayi bayan an gama da shi. Bai mayar da ita ba. Ya zaro sufana daga aljihu, ya tsuguna, ya fara kwance wani noti da bai yi laifin kome ba.

A bayan zanan wani yana bakace. Ya karkata kai. Bai taɓa sanin ya san wannan sautin ba, sai yau. Bugu biyu da sauri, ɗaya a hankali, sannan ɗan tari. Shekara ashirin da huɗu yana jin sa ta katanga.

"Sannu da aiki," ya ce wa injin.

"Yawwa," in ji zana.

Ya rufe ido, ya saki karatun tun daga bugun zuciya har mutuwa a ƙofar gida, ba waƙafi ba aya, kamar mai tsoron kada a ƙwace masa.

Faifan ya tsaya. Sai ya ji wani sauti, ya ɗauka kukan ne ya zo. Da ya ƙara kasa kunne, sai ya gane mutum ne ya toshe baki da mayafi.

"Malam," in ji Hajjo, "wanga ai ba naka ba ne. Na Mubarak ne. Ko makaho ya san ɗinkin rigar aro."

"Nashi ne."

"Rediyona kat taɓa?"

"Na taɓa."

"Har ina?"

"Arba'in. Saura biyu."

"Mi yah hana ka ƙarasa?"

Zayyanu ya ɗaure notin, ya sake kwance shi. "Ban iya jin ƙarshen ni ɗai. In ba ta koma ba fa?"

Ya kwance ƙullin zanen, ya miƙe, ya ɗaga ƙwaryar sama da zana ba tare da ya leƙa ba. Aka daɗe kafin a karɓa.

"Na wanke," ya ce, ya koma ya tsuguna gaban inji, don a nan bakinsa ya fi buɗuwa. "Ashe shanu ne a bakinta. Bakwai. Ta huɗun ƙahonta guda ya karye. Ni da na ɗauka zane ne kawai." Ya juya sufana. "Kuma akwai tsaga a gindi, an ɗinke da zare. Ke kinka ɗinke?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan."

"Ɗinkin ya yi kyau. Ko ɗigo ba ta yi."

Ya ji an ja numfashi a cikin ƙwarya, irin na mai shinshina.

"Da saura," in ji Hajjo.

"Da saura kaɗan."

"An ce kullum kana shan hura cikinta. Har an ce a daina kyasta ashana kusa da kai."

"Sun hwaɗi."

"Tokar mi kas sa?"

"Ta dogonyaro."

"Shi ya sa. Ta karan gero aka sawa."

"Ban sani ba."

"Abin da ba ka sani ba, Malam, yawa gare shi." Faifan ya ci gaba, a hankali yanzu. Can ta ce, kamar da kaji take, "Ni a talatin da ɗaya nit tsaya."

"Sai a koma can," in ji shi.

Ya jira a miƙo masa ƙwaryar. Ba a miƙo ba. Da ya tabbata ba za a miƙo ba, sai ya ɗauki wayar fulogi ya mayar, ya ja igiya sau ɗaya. Injin ya tashi da ƙara kamar dama jira yake. A daidai lokacin dattawan biyu suka ɓullo daga bayan rumbu, wanda ba ta nan garken yake ba. Babu wanda ya sake tayar da zancen saniya.

A mota Kawu Isa ya tambaye shi, "Ta yi kuka?"

"Dariya tay yi."

"To, Allah shi kyauta. Ina ƙwaryar?"

"Ta riƙe."

Kawu ya ciro carbinsa. Sai da suka kusa Kalgo ya ce, "Gobe ka sa a share gidan nan."

Ranar Alhamis da hantsi, gwaggonnin Hajjo biyu suka rako ta, kamar yadda ake yi, suka yi wa Zayyanu faɗan da ya saurara kansa a ƙasa, suka ci shinkafar da maƙwabta suka dafa, suka koma. Hajjo ta shiga ɗaki da ƙwarya a hannu. Ta fito ta dubi tukunyar da ya ƙona, ta ɗebo yashi. Ruwan shuka ya sauka ranar Juma'a bayan an taso daga masallaci, ya tarar da kowa a gidansa.

Zayyanu yana nan har yau a gindin dogonyaro, sai dai yanzu rabin injunan gas suke sha, shi ya juya su. Ya sayi gwangwanaye uku, ya rubuta wa kowane alama da fenti. Bayan la'asar kuwa, ko injin wa aka kawo sai ya jira, don maigida yana ciki. Masu wucewa sukan ji muryar matar nan mai zaƙi ta katanga, sun ce littafi na shida ake ciki. Wani lokaci sukan ji Zayyanu ya katse, yana cewa motar da ta mutu wa saurayin a hanya ba kome ba ne, man ne ba ya hawa, da ya buɗe gaba ya duba da ba a sace yarinyar ba. Sai a ji Hajjo ta ce ya yi wa Allah ya bar mutane su ji labari.

Manoman da suka bi labarin Mubarak har kashi na arba'in sun sha tambayarsa yadda aka ƙare, ko Hafsat ta koma. Yakan ce su ja igiya ya ji.

Ƙwaryar tana nan, ana dama fura a cikinta kowace azahar. In rana ta yi zafi sosai, baƙo mai hanci yakan ɗan tsaya kafin ya kurɓa. Hajjo ta ce ita ba ta jin kome. Maƙwabciyarsu ta katanga ta rantse cewa bara ta ji Zayyanu ya ajiye ƙwaryar ya ce, "Ta yi daɗi." Ta ce Hajjo ta tambaye shi, furar ko ƙwaryar. Amsar ce ba ta ji ba, don a lokacin wani ya tayar da inji a waje.